Ba Kowane Shiru Ne Nauyin Baki Ba

Idan yaro ya shekara biyu bai ce "mama" ba, amsar da uwarsa za ta ji a gida sananniya ce: "Nauyin baki ne, haka ubansa ya yi, ki ƙyale shi." In shirun ya yi tsawo, sai a kira wanzami ya ɗaga harshe ya yanke linzami. Wasu kuma su ce iska ce ta taɓa shi, a shiga turare da hayaƙi. Kowa bakin yaron yake leƙawa, ba mai tunawa da kunnensa.

Alhali magana sai ta shiga ta kunne kafin ta fito ta baki. Yaron da bai taɓa jin kalma ba, ko sau goma aka yanke masa linzami ba zai furta ta ba. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne, jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, har yana 'yan gwalantunsa a watannin farko. Sai can wajen wata shida zuwa tara, lokacin da tsaransa suka shiga "ba-ba" da "da-da", shi kuma muryarsa ta fara ja da baya. Uwa ta tafa hannu a gabansa ya juyo, ta ce ai yana ji. Hannun ya gani. A bari sai ya shagala da wasa, wani ya lallaɓa ta bayansa ya buga murfin tukunya, sannan a ga ko zai waiwayo.

Kalmar "ƙyale shi" ce ta fi damuna, domin shekaru ukun farko su ne daminar ƙwaƙwalwa. Manomin da ya zauna har marka ta wuce sannan ya ɗauki iri, ba a ce ba abin da zai tsiro ba, amma ba zai cika rumbu kamar wanda ya yi shuka da ruwan fari ba. Shi ya sa likitocin Amurka suka kafa ƙa'idar 1-3-6: a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Tun 1986 ma dokarsu ta yi tanadin kula da yara masu buƙata ta musamman daga haihuwa zuwa shekara uku.

Gwajin kansa ba wani tashin hankali ba ne. Ɗan abu ne mai taushi ake sa wa jariri a kunne yana barci a cinyar uwarsa, cikin 'yan mintuna na'ura ta nuna sakamako. A Legas, Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna cewa ana iya yin sa a wurin allurar BCG, inda har jariran da aka haifa a gida ake kawowa. To me ya hana mu? A yawancin ƙananan asibitocinmu ana auna nauyin jariri, a ɗiga masa rigakafi, a cike kati, kunne kuwa ko oho. An sa hannu a dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2019, muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, muna da makarantar Tudun Maliki a Kano. Amma makaranta sai yaro ya tasa take karɓarsa, shekarun da suka fi tsada kuwa an bar wa uwa ita kaɗai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke fama da rashin ji, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar a yara ana iya kauce mata. Musabbaban ba baƙi ba ne a wurinmu: sanƙarau, ƙyanda, doguwar naƙuda, allurar gentamicin da ake ɗirka wa yara barkatai a kemis, da shawarar jarirai da ake zaune da ita a ɗaka ana jiran suna.

Ko an tabbatar yaro kurma ne, ƙofa ba ta rufe ba. Wani na'urar ƙara ji za ta yi masa amfani. Wanda ba ta yi wa ba, ko iyayen ba su da halinta, a fara masa maganar hannu tun yana goye, kuma duk gidan su koya, har kaka da 'yan uwansa. Ƙwaƙwalwa harshe take nema, ta kunne ya zo ko ta ido.

Uwa, in ɗanki bai firgita da ƙara ba yana jariri, ko ya kai wata shida ba ya juyowa in kin kira shi, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ki ce a gwada jinsa. Maigida, kai ma ka ba da kuɗin mota ka raka su.