Karatun Addini da Hidimar Jama'a a Makarantun 'Yan Mata na Katolika

A yankin Galadi da sauran ƙasar Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda, makarantar allo da Islamiyya su ne tushen tarbiyyar 'ya mace, don haka mutane da dama ba su san yadda makarantar mishan take gudana ba, duk da cewa ɗariƙar Katolika ta daɗe a maƙwabtaka. Layin dogon da ya iso Ƙaura a 1929 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, da yawansu Kiristoci, amma da yake Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, majami'u da makarantunsu sun fi zama a Sabon Gari da bayan ganuwa. A 1956 ne sistocin Dominika, wato mata masu zaman zuhudu da suka ɗauki alkawarin rashin aure da barin dukiya da yin biyayya, suka iso Gusau daga jihar Kansas ta Amurka, kuma aikin jinya da karɓar haihuwa ne ya fara sa jama'a suka san su.

Manyan makarantun 'yan matan suna can gabas. Sistocin St. Louis sun zo Kano daga Ailan a 1948, makarantarsu ta sakandare tana Bompai har yau, yayin da Queen of Apostles ta Kakuri a Kaduna ta koma hannun gwamnati a shekarun 1970, aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Sarauniya Amina.

Abin da ya bambanta irin wannan makaranta shi ne yadda ba a raba darasi da aiki. Ɗaliba tana koyon katikizim, wato taƙaitaccen bayanin aƙida ta hanyar tambaya da amsa, a cikinsa kuma take haddace ayyukan jinƙai bakwai, waɗanda suka haɗa da ciyar da mayunwaci, tufatar da marar sutura, duba marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku da binne mamaci. Daga nan sai a nemi ta aikata. Ƙungiyar Legion of Mary, wadda Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921, ta fi nuna wannan tsari a fili: mambobi suna haɗuwa kowane mako, su buɗe taro da addu'ar carbi, a raba musu aiki bibbiyu, kamar zuwa asibiti ko gidan wata tsohuwa, a taro na gaba kuma kowace ta bayar da rahoton abin da ta yi. Wannan rahoto shi ne ƙashin bayan tsarin, domin yarinyar da ta san za a tambaye ta gaban ƙawayenta ba ta wasa da abin da aka ɗora mata. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin haka, tun da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jagorori mata (jaji) na ƙungiyar 'Yan Taru su kai wa matan karkara ilimi tare da kula da mabuƙata.

Tsoron da iyaye Musulmi suka daɗe da shi, cewa karatun mishan yana iya raba yarinya da addininta, ba abin rainawa ba ne, kuma yana daga dalilan da suka jinkirta karatun boko na mata a Arewa. Doka ta yi magana a kan wannan, domin sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatu ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, ya kuma bar wa kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta ita kaɗai.