Ƙullin da Ba Ma Gani

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwa a Yelwa ya ga Sarkawa suna gyaran koma, yatsu na aiki, baki na hira. Haka hannun likitan tiyata yake, sai dai shi jijiyar jini yake ɗaurewa.

In haihuwa ta yi gardama, aka ɗauko mace daga Ngaski ko Shanga zuwa Babban Asibitin Yauri aka yi mata aiki, dole a ɗaure jijiyoyin da ke zubar da jini. Likita yakan naɗa zaren sau biyu da fari, don kada ya saki kafin ya ɗora ƙulli na biyu. A na biyun sai ya juya hannu, ƙullin ya kwanta daidai. In bai juya ba, yana iya zamewa, jini ya riƙa tsiyaya bayan an ɗinke ciki.

Shi ya sa ɗaliban likita ke ta ƙulla zare a ƙafar kujera, har da hannu ɗaya. Mu 'yan jinya da ke baranda muna addu'a ba ma ganin wannan ƙulli. Zaren ma yakan narke a jiki daga baya.