Ƙugiya Ba Ado Ba Ce: Salon Haruffa da Rubutun Hausa

Masu zana haruffan ɗab'i sun kasa su gida biyu. Akwai masu 'yan ƙafafu a bakin kowane layi, irin Times New Roman, akwai kuma marasa ƙafa, irin Arial. A cikin marasa ƙafar nan ake samun salon da aka goge wa kusurwa, haruffansa suka fito kewayayyu, masu taushi a ido. Shi aka fi so a littattafan yara, domin yana kusa da rubutun hannu.

Misalin da ya dace da mu shi ne Andika, wanda SIL International ta tsara domin masu koyon karatu. An zana shi yadda babban I da ƙaramin l da lamba 1 ba za su rikice ba, sannan a da g sun fito kamar yadda malami ke rubuta su a allo. Yana kuma ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

A nan ne batun ya shafi ɗalibin harshe. Ƙugiyar ɗ ko ƙ tana wakiltar ƙwayar sauti mai zaman kanta, kamar yadda zubin kamantau ya nuna: fada da faɗa, baki da baƙi, bari da ɓari. Mai zanen da bai san haka ba yakan ƙanƙanta ƙugiyar don harafi ya yi sumul. Da zarar an rage girman rubutu ko an yi hoton takarda, sai ta ɓace. Yaron da ke fama da bambance b da d kuwa, haruffa huɗu ne a gabansa: b, d, ɓ, ɗ. Idan salon ba shi da harafin gaba ɗaya, kwamfuta kan aro shi daga wani salo, ya fito bare a tsakiyar kalma, ko akwati ya maye gurbinsa.

Matsalar ba sabuwa ba ce ga Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, lokacin da sai an zuba kowane harafi da dalma. A shekarun 1980 ma an tsara haruffan Pan-Nigerian domin harsunan Nijeriya, har Bajamushe Hermann Zapf ya sa hannu a zanen. Ƙetaren iyaka kuma buƙatar ta ƙaru: abin da muke rubutawa 'ya'ya, a Maradi da Tibiri ƴaƴa ake rubuta shi, don haka salon da ya wadatar a Samaru yana iya gazawa a can.

Kafin ka zaɓi salo don kundinka ko littafin yara, gwada shi. Rubuta manya da ƙananan haruffa masu ƙugiya, ka ɗora alamar karin sauti a kan ta tsawon wasali, kamar a àkwā̀tì, sannan ka buga a ƙaramin rubutu. In ƙugiya ta tsira, alamomin kuma ba su hau juna ba, salon ya cancanci Hausa.