FAIFAI YANA TSUFA: MU KWAFE MURYAR DA KE CIKI DAIDAI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a gidaje da yawa na Arlit da Akokan akwai faifan CD, wanda muke kira sede. Wani yana cikin akwatin ƙarfe, wani cikin jakar fata, wani a kan taga ƙura ta rufe shi. A ciki akwai gita ta bikin aure, akwai tende, akwai wa'azin malamai da karatun Alƙur'ani. Akwai waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos. Waɗansu masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Waƙoƙinsu suna hannun mutane da yawa. Amma faifan bikin gidanku, ko na mawaƙin ƙauyenku, wataƙila guda ɗaya ne tak a duniya. In ya mutu, muryar ta tafi ke nan.

Akwai dabarar ceton ta. Ana kwafe abin da ke cikin faifai a zuba cikin kwamfuta, wadda waɗansu ke kira ordinater. Amma kwafi iri biyu ne. Akwai na gaggawa, akwai na tabbaci. A wannan wata za mu bayyana bambancinsu, domin kowa ya san abin da zai nema in ya je wurin mai kwamfuta a kasuwa.

DAGA KASET ZUWA SALULA

An kafa garin Arlit a 1969 saboda uraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fid da shi a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. Ma'aikata suka zo daga ko'ina: Abzinawa, Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Barebari, har da baƙi daga ƙasashen maƙwabta. Kowa ya zo da kiɗan garinsu cikin kaset.

Kaset yana da aibi guda. In ka kwafe wani daga wani, murya tana raguwa, ƙara tana ƙaruwa. Kamar shayi ne: na farko da ƙarfi, na biyu ya sauka, na uku sai zaƙi da ruwa. Haka waƙoƙin Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal suka yi yawo hannu da hannu a shekarun 1990. Shi ne wanda ya buɗe makarantar kiɗa a nan Arlit, ya rasu a 2020.

Bayan kaset sai sede ya zo, bayan sede sai wayar salula. A 2008 Mdou Moctar ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato, suka bazu daga waya zuwa waya. A 2011 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya fid da faifai na waƙoƙin da ya tara daga wayoyin mutanen Sahara, har da ta Mdou Moctar a ciki. Yau jama'a sun koma waya, an manta da sede. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, iyalai suka ɗaure kaya. A wajen ƙaura ne faifai ke karyewa ko ya ɓace.

MI KE CIKIN FAIFAI?

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fid da sede a 1982. Faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar har minti 80. Murya a cikinsa an mai da ta lambobi. A kowace daƙiƙa ana auna ta fiye da sau dubu 44, ana rubuta awon. Rubutun yana kan layi guda da ya naɗe kamar faifan kaba, daga tsakiya zuwa baki. In da za a warware shi, ya wuce kilomita 5. Siririn gaske ne: gashin kai guda yana rufe layi 30 ko fiye. Wani ɗan haske cikin na'ura shi ke karanta shi.

Ga albishir a nan. Lamba ba ta sanyi kamar shayi. In aka kwafe 7, 7 ce, ko sau ɗari aka kwafa. Saboda haka kwafin sede yana iya zama daidai da uwarsa, babu ragi ko kaɗan. Sharaɗi guda ne: a karanta lambobin daidai tun farko.

INA KURE KE SHIGA?

Yashi yana karce faifai. Yatsa yana bar masa maiƙo. Ƙaramin karce ba kome, domin masu ƙira sun sa lambobin gyara a ciki, na'ura tana cike giɓin da su daidai. Amma in karcen ya yi yawa, na'ura sai ta yi ƙiyasi. Ku tuna ɗalibi da ke kwafe rubutu daga allo. An shafe kalma guda, bai tambaya ba, ya sa wadda ya ga dama. Takardarsa ta cika, amma ba abin da aka rubuta ba ne.

Haka kwafin gaggawa yake. Kwamfuta tana karanta faifai sau ɗaya, a guje, ba ta faɗa maka inda ta yi tuntuɓe ba. Sai daga baya ka ji ƙas-ƙas cikin waƙa, ko tsalle, ko shiru. In ka riga ka yar da faifan, wannan kuren ya zauna har abada. Duk wanda ya ɗauka daga wurinka, da kuren zai ɗauka.

KWAFIN TABBACI

Makiyayi ba ya ƙirga dabbobinsa sau ɗaya a bakin rijiya. Yana ƙirgawa, ya sake. In lissafi biyu ya zo ɗaya, hankalinsa ya kwanta. In ya saɓa, sai ya koma.

A 1998 wani Bajamushe, Andre Wiethoff, ya yi wani tsari na kwamfuta mai suna Exact Audio Copy, a taƙaice EAC. Ana samunsa kyauta a intanet domin amfanin kai, yana aiki a kwamfuta mai Windows. Akwai waɗansu irinsa. In aka sa shi a kan hanyar tabbaci, yana bin faifai a hankali. Inda ya ga shakka sai ya koma ya karanta wurin sau da yawa, har karatun ya daidaita. Ana iya sa shi ya karanta kowace waƙa sau biyu. Kowane karatu yana ba da lamba guda, kamar jimillar lissafi. In lambobin biyu sun zo ɗaya, alama ce mai kyau. In sun saɓa, akwai kure.

In ya gama, yana rubuta rahoto. Rahoton yana faɗin waƙar da ta fita lafiya. Yana faɗin minti da daƙiƙar da yake shakka.

Akwai kuma wani rumbu a intanet mai suna AccurateRip. A can ake tara lambobin da mutanen duniya suka samu daga faifai iri ɗaya. In taka ta dace da tasu, shaidu sun yi yawa. Wannan yana amfani ga faifan kamfani, irin na Bombino mai suna Agadez da ya fito a 2011. Faifan da aka yi a kasuwar Arlit ko Cirozerin kuwa da wuya a same shi a can. Shi sai karatu biyu. In da hali, a karanta shi a na'ura biyu daban.

Kwafin tabbaci ya fi na gaggawa daɗewa, balle in faifai ya karce. Sannu ba ta hana zuwa.

NA IRI DA NA CI

Bayan karatu sai ajiya. A nan ma akwai zaɓi. Ku riƙe sunaye 3.

WAV: murya cikakkiya kamar yadda take a faifai. Minti guda yana cin wajen mega 10. Faifai cike yana cin wajen mega 800.

FLAC: ita ma cikakkiya ce, amma an naɗe ta kamar tabarma. Tana cin wajen rabin wurin ko fiye kaɗan. In aka buɗe ta, babu abin da ya ragu.

MP3: wadda muka saba da ita a waya. Sau da yawa minti guda mega 1 ne. Ta yi ƙanƙanta domin an zubar da wani kashi na muryar. Kamar nonon da aka kaɗa aka cire mai: ana sha, yana da daɗi, amma man ba ya komawa.

Manomi yana ware zangarniya mafi kyau domin iri, sauran shi ne na ci. WAV ko FLAC shi ne iri. MP3 shi ne na ci. Daga iri kana iya fid da MP3 ko yaushe. Daga MP3 ba ka iya komawa iri. Haka kuma, in tun farko daga MP3 aka zuba wa faifai, kwafinsa ba zai fi shi ba. Duk da haka a kwafe shi daidai, kada a ƙara masa rauni.

KAFIN KA KAI FAIFAI

1. Riƙe shi ta baki ko ta ramin tsakiya.
2. Hure yashin tukuna. In ka goge da yashi a kai, kai ka karce shi.
3. Goge da tsumman auduga mai taushi, daga rami zuwa baki, a miƙe. Kada ka zagaya. Karcen da ya bi layi ya fi wanda ya gitta shi ɓarna.
4. In datti ya kama, ruwa mai tsabta da ɗan sabulu sun isa. A shanya a inuwa. Ban da kananzir, ban da man mota.
5. Kiyaye gefen da ke da rubutu. Muryar tana daf da ƙarƙashin fentin. Kada ka rubuta a kai da biro ko fensir.
6. Faifan da aka zuba a kwamfuta, mai ciki kore ko shuɗi, rini ne a cikinsa. Rana da zafi suna cin rinin. A nan zafin bazara yana wuce digiri 40. Irin wannan faifai shi za a fara kaiwa.

ABIN DA ZA KA CE WA MAI KWAMFUTA

Ba dole ka iya kwamfuta ba. Sabbin kwamfutoci da yawa ma ba su da wurin sa faifai, sai an haɗa musu na'ura ta waje. Nemi yaron da ke da ita, ka ce masa:

Ina son kwafin tabbaci, karatu biyu.
Nuna mini lambobin biyu in gani da idona.
Aje mini WAV ko FLAC, tare da rahoton.
Bayan haka ka yi mini MP3 domin waya.

Wanda ya iya karanta lambobi, ba a ruɗe shi a nan. In waƙa ta ƙi, a wanke faifai a sake, ko a gwada wata na'ura. Ko da zai ƙara maka kuɗi kaɗan, ka biya.

Tun ran gini, tun ran zane. A ranar a rubuta sunan mai waƙa, da garin, da shekarar, cikin kwamfuta da kan takarda. Muryar da ba ta da suna, jikoki ba za su san mai ita ba.

Kada a aje iri a rumbu guda. Katin waya yana ɓacewa, kwamfuta tana mutuwa, akwai ɓarawo, akwai gobara. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a Agadas ko Tawa. Kati mai giga 8 yana ɗaukar faifai cike wajen 10 na WAV. Kowace shekara a buɗe a saurara. Shi ma faifan a mai da shi gidansa, a aje a inuwa.

HAƘƘIN MAI WAƘA

Kwafi domin ajiya daban, kwafi domin sayarwa daban. Mawaƙi da guminsa yake ci. A Yamai akwai ofishin BNDA mai kare haƙƙin mawaƙa da marubuta. Wanda zai sayar da waƙar wani, sai da izini. In mai waƙar yana raye, ko ƴaƴansa, a kai musu kwafi mai kyau. Wataƙila su kansu ba su da shi.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. A wannan mako kowa ya buɗe akwatinsa ya ƙirga faifansa. Ya ware wanda ba a samu a kasuwa, ya fara da shi. Wanda ya karanta wannan labari ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu dacewa, amin.