Amosanin Kai: Wanki Ya Fi Shafe-Shafe

Duk wanda ya ratsa layin masu magani a kasuwar Illela, mai ci ran Lahadi, ba zai rasa maganin amosanin kai ba: ganyen darbejiya, garin magarya, lalle, sabulun salo, ga kwalaben man zaitun da na habbatus sauda. Da hunturu ya kama, cinikin mai ya fi tafiya, domin mutane sun ɗauka bushewa ce ke sa fatar kai ɓarewa. Nan ne aka yi kuskure. Amosani ya fi son kai mai maiƙo. Wata ƙwayar halitta dangin yis, da likitoci ke kira Malassezia, tana zaune a kan kowane baligi, kitse ne abincinta. Idan ta narka maiƙon kai sai ta bar abin da ke sa fatar wasu ƙaiƙayi da zubar da gari. Masu bincike ma man zaitun suke zuba mata idan suna son ta yaɗu a ɗakin gwaji. Ashe mai lafta man shanu ko na kaɗanya a tsagar kitso, ya bar shi mako biyu ba wanki, kiwonta yake yi.

Za a ce ai kakanninmu sun yi amfani da waɗannan magunguna sun ga sauƙi. Gaskiya ne mai yana kwantar da garin ya daina zuba a kafaɗa, amma ɓoyewa daban, warkewa daban. Kuma amosani ciwo ne mai tafiya ya dawo, duk abin da aka shafa ranar da ya lafa shi ke kwashe yabo. Shi ya sa ake gwaji da rukuni biyu. A 2002 masana a Ostareliya sun gwada sabulun wanke kai mai kashi 5 cikin ɗari na man wata bishiyar ƙasarsu a kan mutum 126. Bayan mako huɗu masu shi sun samu sauƙin kashi 41, waɗanda aka ba sabulu zalla kashi 11. Zuma ma an gwada ta a 2001, aka ga alheri, sai dai mutum 30 ne kawai. Darbejiya tana hana irin waɗannan ƙwayoyi yaɗuwa a ɗakin gwaji, amma kan mutum ba faranti ba ne, kuma shaidarta a jikin mutane ba ta yi ƙarfi ba.

Duk da haka ba na ganin laifin mai wanke kai da magarya ko ruwan darbejiya, don wankin kansa yana rage maiƙo, da sharaɗin a ɗauraye sosai. Idan wata ya wuce ba canji, sabulun ketoconazole na kemis ya fi su hujja nesa ba kusa ba. Yaro kuwa da gashinsa ke cinyewa a zagaye, wannan makero ne, maganin sha yake buƙata daga asibiti, ga shi yana bin askar wanzami da mataji zuwa kan 'yan'uwansa.