Kwaɗon wake: yadda ake haɗa shi da amfaninsa ga masu ciwon suga da hawan jini

Duk majinyacin da aka ce ya rage tuwo da farar shinkafa, tambayarsa ta farko ita ce, "To likita, me zan ci?" A yankin Birnin Kudu da Gwaram, rabin amsar tana cikin rumbu. Daga Surko har Sara ana ratsa wake a gonakin gero da dawa, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake, Nijar na biye mata. Matsalar ita ce yawancinsa kasuwa ake kaiwa, ɗan abin da ya rage a gida kuma ya ƙare a ƙosai ko garau-garau, inda mai ke rinjayar waken.

A Meziko da Amurka suna haɗa salak da wani wake mai baƙin launi. Ba sai an nemo nasu ba. Farin wakenmu ko ja yana yin wannan aiki, kuma salak ɗin ba baƙo ba ne a wurinmu, kwaɗo ne.

Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ɗauke da furotin kusan giram 13 da faiba kusan giram 11. Faiba ita ce dusar abinci da hanji ba ya narkarwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla giram 25 a rana. Ita ke sa abinci ya narke a hankali, suga ya shiga jini kaɗan-kaɗan maimakon ya haura lokaci guda kamar yadda yake yi bayan an ci burodi ko shinkafa zalla. Tana kuma rage kitsen kolestarol, ta sauƙaƙa bayan gida, ta sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Akwai kuma folet da sinadarin ƙarfe, waɗanda mai juna biyu ke buƙata don gina jini. Amma wake ba ya maye gurbin ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Bitamin C na taimaka masa, shayi kuma na tare shi. Shi ya sa lemun tsami da tumatir ke da muhimmanci a wannan haɗi, kuma ya fi kyau a jinkirta shayi da awa ɗaya bayan an ci.

Ga yadda ake yi wa mutum huɗu. A tsince wake gwangwanin madara 2, a wanke, a jiƙa shi da daddare. Da safe a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa har ya yi laushi amma bai fashe ba, a tsane shi ya huce. A yayyanka tumatir 3, albasa 1, tattasai 2 da gurji ko kokwamba, a ƙara dafaffen zogale cikin tafin hannu biyu. Sai a dama garin ƙuli-ƙuli cokali 3 da ruwa kaɗan, a matse lemun tsami 2, a sa man gyaɗa cokali 1, a juya duka tare. Yaji daidai baki. Gishiri ɗan kaɗan, domin ƙuli-ƙuli da yaji sun riga sun zo da nasu, kuma abin da aka yarda wa mutum a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi ma gishiri ne.

Kanwa ce inda muke yawan saɓawa da iyayenmu mata. Gaskiya tana sa wake ya nuna da wuri, a rage ƙona itace. Amma yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne, sinadarin da ke sa gishiri ya tayar da hawan jini, kuma tana lalata bitamin B1 a tukunya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciya bayan haihuwa. Jiƙon dare yana yin aikin da ake nema a wurin kanwa. Yana kuma rage kumburin ciki da tusa, dalilin da ke sa mutane da yawa gudun wake. Wanda bai saba ba ya fara da rabin kofi, cikin mako biyu zuwa uku hanji zai saba.

Sai maganar inda waken ya fito. Wasu masu ajiya na zuba masa maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, wanda aka fi sani da Sniper, don gudun ƙwaro. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Wanki da dafuwa ba su tabbatar da cewa gubar ta fita duka. Waken da ke warin magani a bar shi, komai arharsa. Mai ajiye nasa ya shanya shi ya bushe sosai, ya sa a buhun PICS mai ruɓi uku ko jarkar da iska ba ta shiga, ƙwaron zai mutu ba tare da magani ba. Idan bayan cin wake mutum ya kama amai, dalalar miyau, gumi da wahalar numfashi, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a kai shi asibiti nan take, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tare da ragowar abincin.

Kayan lambun da za a ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsafta, musamman da damina lokacin kwalara. In babu firji, a cinye kwaɗon cikin awa 2.

Mai ciwon suga ya tuna cewa wake ma yana da sitaci, kusan giram 35 a kofi. Don haka a madadin wani ɓangare na tuwo ko shinkafa zai ci shi, ba ƙari a kansu ba. Wanda ke allurar insulin ko shan glibenclamide ya riƙa gwada sugansa idan ya sauya abinci, don yana iya sauka fiye da kima, kuma kada ya rage magani da kansa. Mai ciwon ƙoda kuwa, musamman wanda ake wa wankin ƙoda, wake da tumatir na da fotashiyam da yawa da zai iya taruwa a jininsa ya taɓa bugun zuciya. Shi sai likitansa ya duba gwajin jininsa ya faɗa masa adadin da zai ci.