Noman Inabi a Ƙasar Sanyi

Jama'a, yau za mu ba ku labarin wani irin inabi da ake kira Pinot noir. Gidansa na asali shi ne lardin Burgundi, a gabashin ƙasar Faransa, musamman gangaren tuddai da ke tsakanin birnin Dijon da garin Bon. Ma'anar "noir" da Faransanci ita ce baƙi, gama 'ya'yansa baƙaƙe ne in sun nuna. Yawancinsa matsewa ake yi a yi giya da shi. Mutanen wurin sun daɗe suna nomansa. Tun a shekarar 1395 mai mulkin Burgundi, Filib, ya ba da doka a tumɓuke wani inabi mai suna Gamay, don a bar wa Pinot wuri.

Wannan inabi ba ya son zafi. In rana ta yi yawa sai ya nuna da gaggawa, ya rasa tsaminsa da ƙanshinsa. A ƙasar sanyi kuwa yakan nuna a hankali, zaƙi da tsami su daidaita. Amma fatarsa ba ta da kauri, 'ya'yansa kuma a cushe suke, saboda haka ba ya da wuyar ruɓewa.

Lokacin sanyi

Daga Disamba zuwa Maris itacen ba shi da ganye ko ɗaya, kamar ya mutu. A lokacin nan ne manomi ke datse rassa. Yakan yanke kusan dukan rassan bara, ya bar dogo guda da gajere guda. Sai ya lanƙwasa dogon, ya ɗaure shi a jikin waya. Me ya sa? Domin in rassa sun yi yawa, 'ya'ya su yi yawa, ba za su nuna da kyau ba. Aikin ba ƙarami ba ne, gama a hekta ɗaya, wato kimanin eka biyu da rabi, akan sami itace wajen 10,000.

Afrilu da Mayu

A watan Afrilu itacen ke toho. Nan ne hankalin manomi ke tashi. In dare ya yi sanyi har raɓa ta daskare, sabon toho sai ya ƙone, ya yi baƙi. Haka ya faru a farkon Afrilu na 2021. Manoma suka kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka don su ɗumama iska, duk da haka aka yi hasara mai yawa. Shi ya sa tun dā aka fi son dasa inabin a gangaren da ke fuskantar gabas. Iska mai sanyi takan gangara kwari, ranar safe kuma ta fara sauka a kan gonar.

Yuni zuwa Agusta

A watan Yuni inabi ke fure. Manoma sukan ƙidaya kwana 100 daga fure zuwa girbi. In ruwa da sanyi suka zo lokacin fure, furen ya kakkaɓe, amfani ya ragu. Bayan haka sai yaƙi da fumfuna. Akan tsinke wasu ganyaye don iska ta shiga, a kuma yi feshin magani. Wani tsohon maganin, haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, tun 1885 aka san shi, har yau kuma ana aiki da shi. Ruwan ƙanƙara ma abin tsoro ne, gama cikin 'yan mintoci yana iya lalata aikin shekara. A Agusta 'ya'yan ke rikiɗa daga kore zuwa baƙi.

Girbi

Yawanci a Satumba ake girbi, amma a shekarun zafi, kamar 2003 da 2020, tun Agusta aka fara. Manomi yakan ɗanɗana, ya auna zaƙin. In ya yi gaggawa, tsami ya yi yawa. In ya yi jinkiri, ruwa ya sauko, inabin ya ruɓe. A gonaki masu daraja da hannu ake yanka nonon inabi da almakashi, a ware ruɓaɓɓe.

Auren itace

A shekarar 1875 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya fito daga Amurka, ya iso Burgundi. Saiwa yake ci, ya kashe gonaki da yawa. Dabarar da ta ceci manoma ita ce aure, irin wanda muke yi wa mangwaro. Aka ɗauki reshen Pinot aka ɗaura a kan gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yanzu haka ake yi. Sabon dashe kuwa sai ya kai shekara uku kafin ya ba da amfani.

To, jama'a, kun ga manomin inabi ba ya da watan hutu. Yana lura da yanayi, yana yin kowane aiki a lokacinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake datse rassan inabi?
2. Wace dabara ce ta ceci gonaki daga filoksera?
3. Kwana nawa ne daga fure zuwa girbi?